Muna yaye ɗalibai ko muna samar da ma'aikatan lafiya?

Dakta Rabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, yau dai na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a sashen kiwon lafiyar al'umma. A makon jiya na ba 'yan ajin ƙarshe wata 'yar tambaya: ƙauye biyu ne, kowanne an samu mutum 30 da amai da gudawa, ɗaya yana da mutum 300, ɗayan 3,000, ina za ku fara tura mota? Fiye da rabin ajin suka ce ai duk ɗaya ne, tunda 30 da 30 ne. Waɗannan fa yara ne da za su karanto maka ma'anar annoba daga ka ba tuntuɓe. A ƙauye na farko mutum ɗaya cikin goma ne ya kamu, a na biyu ɗaya cikin ɗari, amma ba su gani ba.

Ban ga laifinsu ba, namu na gani. Kullum ana cewa ƙasashe masu tasowa ba su da isassun ma'aikatan lafiya, don haka a buɗe ƙarin sassa a jami'o'i, a ƙara ɗiban ɗalibai. Ni kuwa tambayata ita ce, in an ninka irin waɗannan ɗaliban nawa sau goma, an samu ma'aikata ke nan?

Dakta Auwal:
Wa alaikumus salam. Dakta, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki tun daga tushe. Ni a asibiti nake, kuma abin da nake gani kullum shi ne layi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce ƙasa tana bukatar aƙalla likita da nas da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000, kuma ƙasashe 57 ba su kai ba, 36 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. A 2016 ma aka ɗaga ma'aunin zuwa kusan 45. Lura da waɗanda aka lissafa: likita, nas, ungozoma. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ba mai ƙididdiga take nema ba. In kuɗin ƙasa kaɗan ne, ni a ganina a fara zuba shi a tsangayar likitanci da makarantun jinya. Lafiyar al'umma ta biyo baya.

Baba Sani:
Auwal ɗana, layin nan da kake gani, daga ina yake fitowa?

Dakta Auwal:
Baba na gane inda ka dosa. Amma kafin a gyara rijiya ai sai an ɗaura wa wanda ya riga ya faɗi ruwa.

Baba Sani:
Ba na musu. Ni duba-gari ne, shekara talatin da biyu na yi kafin in ajiye aiki, kuma ban taɓa raina likita ba. Amma na sha ganin shekarar da za a cika asibiti da masu kwalara, a yi ta ɗaura ruwa dare da rana, damina ta wuce, kowa ya manta, baɗi a sake. Ruwan da suke sha bai canza ba, masai bai canza ba. Ku da kuka yi karatu mai zurfi kun fi ni sanin labarin John Snow a Landan a 1854, wanda ya bi gida-gida yana rubuta inda kwalara ta kashe mutane har ya gano famfo ɗaya ne tushen abin, aka cire masa hannu. Shi ma likita ne fa. Abin da ya yi shi ne aikin da Dakta Rabi take cewa ɗalibanta ba su iya ba: ƙirgawa, da tambayar ina, da yaushe, da cikin mutum nawa.

Mu lokacinmu ba mu da digiri, amma kafin a ba ka takarda sai ka yi watanni kana zagaya unguwa da wani babba. Shi zai nuna maka yadda ake duba rijiya, da yadda ake magana da mai gida ba tare da ya kore ka ba. Wannan na biyun ya fi wahala.

Nura:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne irin ɗalibin da ake magana a kansa, don haka bari in faɗi nawa. Na gama digiri a lafiyar al'umma shekara uku da suka wuce. A duk shekarun karatun, sau biyu kacal aka kai mu fili. Na farko mota ta lalace, na biyu muka je muka ɗauki hoto da hakimin wurin muka dawo. Kundin binciken da na rubuta, tambayoyi na raba wa 'yan ajinmu suka cike mini a ɗakin kwana. Ba ni kaɗai ba ne, kuma malamin da ya duba ni yana da ɗalibai sama da ashirin a hannunsa, ina zai samu lokacin bin diddigi?

Amma ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da na je neman aiki a ma'aikatar lafiya, sai jami'in ya tambaye ni: kai likita ne? Na ce a'a. Nas? A'a. Ya ce to a jerin muƙaman gwamnati babu gurbin mai irin takardarka, a ina zan saka ka? Jami'a ta karɓi kuɗina ta koyar da ni sana'ar da gwamnati ba ta san da ita ba.

Dakta Rabi:
Nura, Allah ya ba ka haƙuri. Ka taɓo abin da ban yi niyyar faɗa ba tukuna. Ma'aikatar ilimi ce ke kula da jami'a, ma'aikatar lafiya ce ke ɗaukar aiki, ma'aikatar kuɗi ce ke cewa akwai albashi ko babu, kuma a ƙasashe da yawa ukun nan ba sa zama a tebur ɗaya. Shi ya sa za ka tarar da ƙasa tana kukan ƙarancin ma'aikata, a lokaci guda kuma ga nas-nas da masu digiri zaune a gida.

Kabiru:
To ai magana ta dawo kan kuɗi, kamar kullum. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Ƙasashen da suka taɓa cikawa ba su da yawa, waɗanda suka ɗore a kai sun fi ƙaranci. Ku gyara manhaja yadda kuke so, in babu gurbin aiki zuba ruwa a kwando ne.

Kuma wanda ya ƙware ɗin ma tafiya yake yi. Talaka ya biya haraji a horar da nas, tana gamawa Ingila ko wata ƙasar Larabawa ta ɗauke ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sista Hadiza:
Malam Kabiru, a daina faɗar maganar nan kamar mu ne masu laifi. 'Yan ajinmu da dama sun tafi, ni ban tafi ba, amma ban taɓa zagin wadda ta tafi ba. Na yi shekara shida a wata cibiyar lafiya a karkara ni kaɗai ce ungozoma. Na karɓi haihuwa da fitilar waya. Albashi ya kan yi wata uku bai zo ba. A shekara shidan nan ba wanda ya taɓa zuwa ya duba aikina ya ce nan kin yi daidai, nan ki gyara. Sai dai a zo karɓar fom.

Kabiru:
Wallahi Sista ba ke nake nufi ba, afuwan. Masu ɗauka nake nufi. Akwai ma ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a 2010 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wata ƙasa, da jerin ƙasashen da aka ce kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu, a 2023 sun kai 55. Sai dai ƙa'idar ba dole ba ce, kuma ba ta hana mutum ya nemi aikin da kansa.

Sista Hadiza:
Ba komai. Amma maganar fom ɗin nan ina so Dakta Rabi ta ji. Duk wata muna cike rajista: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, zazzaɓi nawa. Mu tura sama. Ba mu taɓa jin abin da aka yi da su ba. Akwai lokacin da na lura yara masu ƙyanda suna ta zuwa daga ɓangare ɗaya, na rubuta, na sake rubutawa, ba wanda ya zo sai da abin ya bazu. A ofishin gundumar babu mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya zauna ya karanta alƙaluman nan ya ce, kai, nan akwai matsala. Wannan kujerar ita ce ta Nura, in da an koya masa, in da kuma an ƙirƙiro ta.

Dakta Rabi:
Sista, kin gama mini magana. Kuma abin nan ba sabo ba ne, akwai ƙasashen da suka gwada. Bari in ɗan tsawaita a kan Habasha, don ita na fi karantawa.

Tun 1954 aka buɗe kwalejin kiwon lafiyar al'umma a Gondar. Ba likitoci take yayewa ba a lokacin. Jami'in lafiya, da nas ta al'umma, da duba-gari ake horarwa tare, a tura su cibiyar lafiya tare a matsayin tawaga ɗaya. Baba Sani, ka ga naku a ciki. Daga baya makarantar Jimma ta ɗauki tsarin da ɗalibi ba ya gama shekara sai ya fita cikin al'umma. Su ƙirga gidaje, su gano matsalar da ta fi damun mutanen wurin, su tsara abin da za a yi, su dawo su auna ko ya yi aiki. Kuma ana ba da maki a kai kamar kowane darasi. Wannan shi ne bambancinsa da fitar da su Nura suka yi. Duk abin da ba a ba shi maki, ɗalibi ba ya ɗaukarsa da muhimmanci, malami ma haka.

Sai 2003 suka fara shirin ma'aikatan lafiya na ƙauyuka: 'yan mata da suka gama aji goma, a zaɓo su daga yankinsu, a horar da su shekara ɗaya, a mayar da su biyu-biyu kowace ƙaramar mazaɓa mai mutum kamar 5,000, kuma da albashin gwamnati, ba aikin sa kai ba. Cikin 'yan shekaru suka haura 30,000. To su wa za su horar da waɗannan dubban, su wa za su riƙa duba aikinsu? Nan jami'a ta shigo. Aikinta ba ta samar da kowa da kowa ba ne, ta samar da masu koyarwa da masu sa ido da masu karanta rajistar Sista Hadiza.

Dakta Auwal:
Ba na ƙin misalin, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Habashan ma da ta faɗaɗa makarantun likitanci da sauri ta sha kukan ƙarancin malamai da raguwar inganci. Kuma horon shekara ɗaya yana da iyaka. Na sha karɓar marasa lafiya da aka ɓata musu lokaci a ƙasa saboda wanda ya fara ganinsu bai san cewa abin ya fi ƙarfinsa ba.

Dakta Rabi:
Gaskiya ne, kuma hujjata ce ka ƙarfafa. Faɗaɗawa ba malamai ita ce cutar da nake kuka da ita.

Malam Isiyaku:
Ina bin ku tun ɗazu. Dakta Auwal, kan batun iyaka, ka duba Mozambik. Bayan samun 'yanci likitoci suka watse, sai a 1984 suka fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su riƙa yin tiyata. Su ne suka riƙa yin mafi yawan tiyatar haihuwa a asibitocin gunduma, kuma da aka bi sawu bayan shekaru sai aka tarar mafi yawansu suna nan a karkara, likitocin da aka tura kuwa kusan duk sun koma birni. Na san ba lafiyar al'umma ba ce kai tsaye, amma darasin ɗaya ne: wa ka ɗauka, kuma don wane aiki ka horar da shi.

Dakta Auwal:
Wannan muhawara ce mai zaman kanta, Malam, in muka shige ta sai gobe. Ina da abin cewa sosai.

Shugaban zaure:
A ajiye ta zuwa wani lokaci don Allah. A ci gaba da batun jami'a.

Nura:
Malama, ina da tambaya. In ƙasa ba ta da malaman, daga ina za a samo su? Mai digirin digirgir a wannan fanni ƙungiyoyin agaji suna biyansa ninkin abin da jami'a ke biya. Malamanmu nagari duk rabin lokacinsu yana wajen aikin ƙungiyoyi, mu sai mu ga takardun darasi kawai.

Dakta Rabi:
Ka kama ni, don ni ma ina yi. Ba zan yi maka ƙarya ba, da albashin jami'a kaɗai da tuni na bar koyarwa.

Abin da na gani yana aiki iri biyu ne. Na farko, a daina ɗauka cewa mai digirin digirgir ne kaɗai malami. Mutum irin Baba Sani, ko jami'in da ya yi shekara goma sha biyar yana tafiyar da rigakafi a gunduma, yana da abin da ni ba ni da shi. Dokokin jami'a ne ke hana a ba su aji. Na biyu, haɗin gwiwa da makarantun waje, amma irin wanda ake zuwa a zauna. Ruwanda ta yi haka daga 2012, malamai daga jami'o'in Amurka suka riƙa zuwa suna aiki kafaɗa da kafaɗa da na gida. Amurka kuma ta ba da kimanin dala miliyan 130 daga 2010 ga makarantun likitanci 13 a ƙasashen Afirka 12. An amfana, amma irin wannan kuɗin yana da ranar ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare ake gane ko gwamnatin gida da gaske take.

Kabiru:
Ranar nan kuwa tana zuwa ba sallama.

Baba Sani:
Rabi 'yata, ni in an kira ni zan zo, ko ba a biya ni ba. Amma kada a sa ni rubuta jarrabawa.

Sista Hadiza:
Baba ai kai za ka riƙa ba da ita.

Malam Isiyaku:
Akwai tsarin da ba a ambata ba, kuma a ganina shi ne amsar Sista Hadiza: horon bin diddigin cututtuka a fili. Amurka ta fara nata a 1951, Tailan ta ɗauka a 1980, yanzu ƙasashe da dama suna da shi. Shekara biyu ne, kuma mafi yawan lokacin ba a aji ake yin sa ba. Ɗalibin ma'aikacin gwamnati ne tun asali, ana tura shi inda cuta ta ɓulla, ya bincika, ya rubuto rahoto, malami ya gyara masa. Jami'a ta ba shi digiri na biyu, ma'aikata ta riƙe shi. Ka ga matsalar Nura ba ta taso ba, tunda kujerar tana nan kafin a fara karatun.

An ga amfaninsa a 2014. Daga 2014 zuwa 2016 Ebola ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, cikinsu har da ma'aikatan lafiya sama da 500. Da ta shiga Legas, birni mai miliyoyin mutane, kowa ya ɗauka an gama. Amma aka tsaya a mutum 20 a duk Najeriya, takwas suka rasu. Waɗanda suka sami irin wannan horon suna cikin waɗanda suka bi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kowanne ana duba shi kullum har kwana 21. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ba a horar da su tun shekaru kafin nan ba, da ba a same su a ranar ba.

Dakta Auwal:
A ƙara da cewa likita ce ta fara tsare mai cutar a asibiti ta hana shi fita, kuma ta rasa ranta a dalilin haka. Kada a manta da mu.

Malam Isiyaku:
Ba a manta ba, Allah ya sani. Ita ta rufe ƙofa, su suka bi waɗanda suka riga suka fita.

Dakta Auwal:
To na yarda da wannan. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne digirin farko a lafiyar al'umma. Tsarin da Malam Isiyaku ya kawo yana ɗaukar wanda ya riga ya zama likita ko likitan dabbobi ko ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Yaro ɗan shekara goma sha takwas da bai taɓa ganin mara lafiya ba, me zai je ya duba a aikin Sista Hadiza? Ni da za a bi ta tawa, a rufe digirin farkon, a zuba ilimin lafiyar al'umma sosai cikin karatun likita da nas, sannan wanda ya yi aiki 'yan shekaru ya dawo ya ƙware.

Nura:
Yaya Auwal, ka rufe mu ke nan gaba ɗaya.

Dakta Auwal:
Ba kai ba ƙanena, masu zuwa bayanka nake tausaya wa.

Dakta Rabi:
Ban yarda a rufe ba. Likita yana da tsada, shekara shida ko fiye ake yi ana horar da shi, asara ce a zaunar da shi yana lissafin allurar rigakafi nawa gunduma ke bukata da yadda za a kai ta ba ta lalace ba. Kuma in an tura shi karkara ba ya zama, Malam Isiyaku ya faɗa. Tailan sai da ta wajabta wa sababbin likitoci aikin gwamnati na shekara uku, daga baya a 1994 ta fara ɗibar ɗalibai daga karkara ana horar da su a asibitocin larduna don su zauna a can. Amma na yarda da rabin maganarka: kada a ɗauki ɗalibi ɗaya sai an san kujerar da zai zauna, kuma kada a yaye shi sai ya yi aƙalla zango guda cur a ofishin lafiya na gunduma, da wani babba a kansa.

Sista Hadiza:
In za a turo su, a turo su da wurin kwana. An taɓa turo mini ɗalibai huɗu ba sanarwa, a ɗakin ajiyar magani suka kwana.

Kabiru:
Kuma wa zai biya kuɗin motar? Jami'a za ta ce na ma'aikata ne, ma'aikata ta ce ɗalibanku ne.

Dakta Rabi:
Ranar Laraba muna da zaman sashe. Zan kai shawara biyu kawai: a mayar da fita fili darasi mai maki, sannan a rage yawan waɗanda za mu ɗauka baɗi zuwa adadin da za mu iya kai wa fili. Ta biyun na san za a yi faɗa, don kuɗin makarantar da ɗaliban ke biya da shi sashen ke numfashi.

Nura, kana da kwafin jerin muƙaman da jami'in nan ya nuna maka? Ina so in ajiye shi a gaban shugaban tsangaya.

Nura:
Na ɗauki hotonsa a waya ranar. Bari in duba, in ban goge ba zan turo miki da daddare.